Alƙalan Faranti

A da yawa daga cikin asibitocin Faransa da ke yin fiɗar rage ƙiba, akwai wani ɗaki da ake jera kujeru a da'ira sau ɗaya a wata. Waɗanda aka riga aka yi wa aikin da waɗanda ke jiran ranarsu su ne ke cika kujerun. An kafa zaman ne domin mutum ya faɗi abin da ba ya iya faɗi a gida: aman da ke zuwa bayan loma uku, gashin da ke zuba, fatar da ta saki, fargabar hawa sikeli. A ɗauki misali irin wanda ke maimaituwa a waɗannan da'irori. Wata mace, shekara biyu bayan fiɗa, ta buɗe baki ta ce kilo shida sun dawo mata, kuma ranar bikin ɗiyarta ta ci yankan gato. Kafin ta rufe baki an yi mata caa. Wannan ta tuna mata kuɗin da asusun lafiya na ƙasa ya kashe a kanta. Waccan ta ce ita shekara huɗu ke nan sukari bai taɓa harshenta ba. Na uku ya yanke hukunci cewa an ɓata wa likita lokaci. Matar ta yi murmushin yaƙe, ta ce sun yi gaskiya. Da wata ya zagayo, kujerarta babu kowa. Ranar ganin likita ta zo, nan ma ba a gan ta ba.

Waɗanda suka yi mata wannan rubdugu sun koma gida da imanin cewa taimakonta suka yi, kuma nan ne matsalar take. Ƙungiyar da aka kafa domin ta zama inuwa ga masu gudun gorin duniya ta wayi gari ta zama kotu: faranti abin tuhuma, sikeli shaida, tsofaffin majinyata alƙalai. Wannan shari'a ba ta da tushe a ilimin likitanci, ba ta da tushe a ladabin zama da mutane, kuma ɓarnarta ba ta tsaya ga ɓacin rai ba. Tana taɓa jini da jijiya, domin mutanen da take kora su ne waɗanda suka fi kowa bukatar a ci gaba da duba lafiyarsu.

Abin da wuƙa ke yi

Kafin a shiga gardama, ya kamata a san abin da ake magana a kai. A shekarar 1966 ne wani likitan fiɗa na jami'ar Iowa ta Amurka, Edward Mason, ya fara aikin da ake kira fiɗar ƙetare. A yadda ake yin ta yau, ana ware ɗan aljihu a saman tumbi, wanda bai wuce cin babban cokali biyu ba, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Daga baya aka samo zoben da ake ɗaurawa a wuyan tumbi, sannan fiɗar tsaye, wadda ake yanke kashi biyu cikin uku na tumbin ko fiye a cire ɗungurungum, a bar ɗan siriri kamar ayaba. A Faransa, alƙaluman ma'aikatar lafiya sun nuna an yi irin waɗannan ayyuka 2 800 a 1997; a 2016 sun kai 59 300, kuma cikin kowane majinyaci biyar, huɗu mata ne. Ba don mutum ya so kawai ake yi masa ba. Ƙa'idojin da babbar hukumar lafiya ta ƙasar ta fitar a 2009 sun keɓe aikin ga mai ƙiba mai tsanani wanda ya yi wata shida zuwa shekara a hannun likitoci ba tare da nasara ba, sun kuma ce a ci gaba da duba shi har ƙarshen rayuwarsa.

Mutane da yawa suna zaton sirrin aikin bai wuce ƙanƙantar tumbi ba, wato an rage rumbu, tilas a rage hatsi. Lamarin ya fi haka zurfi. A 1999 masu bincike na Japan suka gano wani sinadari mai suna giralin, wanda tumbi ke fitar da galibinsa, shi ne ɗan aiken da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin yunwa. Fiɗar tsaye tana cire ɓangaren da ya fi samar da shi. Fiɗar ƙetare kuwa tana sa hanji ya ƙara fitar da sinadaran da ke sanar da ƙoshi. Shi ya sa a watannin farko majinyaci ke kallon abinci tamkar bai taɓa saninsa ba. Ƴan aiken cikinsa ne suka sauya saƙo, ba zuciyarsa ce ta yi ƙarfi dare ɗaya ba. Duk wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin zancen: tun da ramar farko ba jarumtaka ce ta kawo ta ba, to dawowar wasu kilo ma ba za a jingina ta ga ragwanci ba.

Wa ya gaza?

Alƙalan faranti suna magana kamar dawowar nauyi laifi ne da wasu ƴan tsiraru marasa kamun kai ke aikatawa. Ɗaya daga cikin bincike mafi daɗewa a wannan fage ya ƙaryata su. A ƙasar Suwedin, tun daga 1987, Lars Sjöström da abokan aikinsa na birnin Goteborg suka fara bin diddigin mutane sama da dubu huɗu masu ƙiba mai tsanani, rabi an yi musu fiɗa, rabi ba a yi ba. Sakamakon da aka buga a 2007 ya nuna waɗanda aka yi wa fiɗar ƙetare sun zubar da kashi 32 cikin ɗari na nauyinsu a shekara ɗaya zuwa biyu na farko, amma bayan shekara goma ragin ya tsaya a kashi 25. Masu zobe sun kai kashi 20, suka tsaya a 14. Wato mai kilo 130 da ya sauka zuwa 88, in aka same shi da 97 bayan shekara goma, hanyar da aka saba gani ya bi. Duk da wannan hawa, cikin mutane 2 010 da aka yi wa fiɗa 101 ne suka rasu a tsawon binciken, alhali cikin 2 037 da ba a yi wa ba, 129 suka rasu. Amfanin aikin bai jira sai majinyaci ya zama waliyyin faranti ba.

Me ke jan nauyi ya dawo? Jiki yana tsaron kitsensa kamar yadda manomi ke tsaron rumbu a shekarar fari. A 2011 likitocin jami'ar Melbourne ta Ostareliya suka buga binciken da suka yi kan mutane 50 da aka sa wa tsananin rage ci na mako goma: shekara guda bayan haka, sinadarin yunwa na nan sama da inda yake tun farko, na ƙoshi kuma na ƙasa. A 2016 Kevin Hall da abokan aikinsa a Amurka suka auna mutane 14 da suka shiga wata gasar rama ta talabijin, suka tarar bayan shekara shida jikinsu yana ƙona kimanin kalori 500 a yini ƙasa da yadda ya kamata ga mai irin girmansu. Waɗannan biyu ba a kan fiɗa aka yi su ba, amma sun nuna irin abokin kokawar da mai rage nauyi ke fama da shi. Fiɗa tana raunana wannan abokin kokawa fiye da kowace dabarar rage ci, sai dai ba ta kashe shi, kuma raunin da take yi masa ya bambanta daga mutum zuwa mutum.

Akwai ma abin da ya fi wannan tona asirin alƙalan. Bayan fiɗar ƙetare, wasu in suka ci abu mai zaƙi sai ya zube cikin hanji da sauri, cikin rabin sa'a zufa ta keto, zuciya ta riƙa bugawa, jiri da zawo su biyo baya. Wasu kuma ba sa jin komai. Mai alfaharin cewa shekara huɗu ba ta taɓa sukari ba, mai yiwuwa jikinta ne ke zane ta duk ranar da ta gwada. Tsoron bulala ne take kira kamun kai, sannan ta juya tana auna tarbiyyar wadda ba a ɗora wa wannan bulala ba.

Sambol

Abin tambaya shi ne yadda mutanen da suka sha gori tun suna yara suke zama gwanayen gori. Malaman da suka yi lekol a zamanin da ake hana yaro magana da harshen uwarsa a farfajiyar makaranta sun san amsar tun kafin a faɗa. Akwai abin da ake kira sambol: ƙashi ne, ko ƙahon dabba, ko wani abin ƙyama da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa ko Zabarmanci. Hanya guda ce ta rabuwa da shi, wato yaron ya kasa kunne har ya kama wani ya rataya masa. Mushe ba ya bukatar sintiri, yaran da kansu suke yi masa aikin. Wanda ya fi kowa zafin farauta kuwa shi ne wanda abin ke wuyansa.

Haka mai ƙiba yake a ƙasashen Turai. Littafin Gabrielle Deydier, On ne naît pas grosse, wanda ya fito a 2017, ya zayyana wulaƙancin da mai ƙiba ke gamuwa da shi a wurin aiki, da kan titi, har da ɗakin likita. Kalmar «grossophobie», wato ƙyamar masu ƙiba, ta shiga ƙamus ɗin Robert a bugun 2019. Wanda aka yi wa fiɗa kuma sambol biyu ne a wuyansa. Na farko, an ce ya yi ƙiba ne saboda haɗama. Na biyu, an ce ya rame ne ta hanyar ragwaye, ya sayi da wuƙa abin da wasu ke samu da gumi. Don ya wanke kansa daga zargi na biyu, sai ya nuna wa duniya cewa shi ma wahala yake sha: yana auna kowace loma, yana ƙirga giram ɗin furotin, ya yi saki uku da burodi da taliya. Daga nan zuwa neman wanda zai rataya wa sambol taku ɗaya ne. In akwai majinyaciyar banza, to shi majinyacin kirki ne. In kilo shida na waccan mata sakamakon gato ne, to shi da ba ya cin gato ya tsira. Tsoro ne ke magana da bakin alƙali, tsoron cewa abin da ya same ta yana iya samunsa gobe ba tare da ya yi laifin komai ba.

Wannan ya bayyana halin, amma bai wanke shi ba. Yaron da ya rataya wa ɗan uwansa ƙashi abin tausayi ne, sai dai ƙashin bai fasa wari ba a wuyan wanda aka rataya wa.

Shari'ar kuma ba ta yi wa kowa daidai. Binciken Obépi na 2020 ya nuna kashi 17 cikin ɗari na manyan Faransa suna da ƙiba mai yawa, amma a tsakanin leburori kashi 18 ne, a tsakanin manyan ma'aikata kuwa bai kai 10 ba. Galibin masu zama a kujerun nan ba masu hali ba ne. Kifi da nama marar kitse sun fi taliya tsada, ƙwayoyin bitamin da ake sha kullum sau da yawa daga aljihun majinyaci suke fita, mai aikin dare a masana'anta kuma ba ta da sukunin zama ta tauna ƴan lomomi na rabin sa'a sau biyar a yini. Idan mai albashi mai tsoka ta leƙa farantin mai sharar ofis ta yi tsaki, aljihu take yi wa shari'a tana zaton hali ne.

Hujjar masu tsanani

Masu tsanani suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa dokokin ci bayan fiɗa ba wasa ba ne. Akwai makonnin ruwa-ruwa da na abinci mai laushi kafin ɗinki ya warke, wanda ya yi gaggawa yana iya jawo wa kansa babban haɗari. Akwai dokar fara cin furotin, da ta raba ci da sha, da ta guje wa abin sha mai gas da mai zaƙi, da ta shan bitamin. Suna cewa ƙungiyar da ke tafa wa kowa kan komai ta zama taron yaudara, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Duk wannan gaskiya ne. Wanda ya ji sabon majinyaci na shirin cin gasasshen nama mako guda bayan fiɗa ya yi shiru, ya ci amana.

Sai dai gargaɗi daban, tozarci daban, kuma kowa ya san bambancin ranar da abin ya zo kansa. Gargaɗi yana magana kan abin da aka ci da abin da zai iya haifarwa. Tozarci yana magana kan wanda ya ci da irin mutumin da yake. Mai gargaɗi yakan ja mutum gefe, mai tozarci sai ya ga an taru. Mai gargaɗi yana ƙarewa da tura mutum wurin likita, mai tozarci yana ƙarewa da labarin kansa. Bugu da ƙari, yawancin dokokin da alƙalan ke karantowa ba na kowa da kowa ba ne. Abin da aka shar'anta wa mai fiɗar ƙetare ba shi aka shar'anta wa mai zobe ba, na wata uku ba shi ne na shekara uku ba, asibitoci ma sun sha bamban a kan ƙananan abubuwa. Wanda ya ɗauki takardar da likitansa ya rubuta masa shi kaɗai ya mai da ita kundin shari'ar kowa, ya yi aikin likita ba da izini ba.

Saura tambaya guda: shin kunyatarwa tana aiki? In da tana aiki, da babu mai ƙiba ko ɗaya a Turai, domin babu wanda bai sha ta ba tun yana firamare. A 2013 Angelina Sutin da Antonio Terracciano suka buga binciken da ya bi Amurkawa sama da dubu shida tsawon shekara huɗu. Waɗanda suka ce an nuna musu wariya saboda nauyinsu sun ninka sauran sau biyu da rabi wajen yiwuwar faɗawa cikin ƙiba mai yawa, waɗanda kuma suke da ita tun farko sun ninka sau uku wajen yiwuwar ci gaba da zama da ita. A watan Maris na 2020 ƙwararru 36 daga ƙasashe dabam-dabam, ƙarƙashin jagorancin likitan fiɗa Francesco Rubino, suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa a mujallar Nature Medicine, inda suka ce gorin ƙiba yana cutar da jiki da zuciya, yana kuma hana mutane neman magani. Ƙungiyoyin likitoci da na masana sama da ɗari suka sa hannu. Malaman makaranta ba sa bukatar mujalla ta gaya musu haka: yaron da aka yi wa dariya a gaban allo bai koyi lissafi ba, ya koyi zama a bencin baya da ɓoye littafinsa.

Abin da kunya ke ci

Ɓuyan mai fiɗa ya fi ɓuyan ɗan makaranta tsada. Tumbin da aka rage da hanjin da aka tsallake ba sa tsotse ƙarfen jini da bitamin B12 da alli yadda suka saba. Rashinsu yana tafiya a hankali, shekara da shekaru, sai a wayi gari da ƙarancin jini, ko mutuwar yatsu, ko ƙashi mai saurin karyewa. Mai yawan amai yana iya rasa bitamin B1 cikin ƴan makonni, rashin nan kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa, wani lokaci ba gyara. Gwajin jini a kai a kai ne ke kama waɗannan tun da wuri. To amma binciken da Jérémie Thereaux da abokan aikinsa suka buga a 2017, kan mutane sama da dubu 16 da aka yi wa fiɗa a Faransa a 2009, ya nuna a shekarar farko kusan tara cikin goma sun koma wurin likitan fiɗa, a shekara ta biyar kuwa ba su kai ɗaya cikin uku ba. Dalilan wannan ɓacewa suna da yawa: nisa, kuɗi, ƙarancin likitoci, jin cewa an warke. Kunya tana cikinsu, kuma ita ce wadda ƙungiya ke da ikon ragewa ko ƙarawa ba tare da kashe ko tamma ba. Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Alƙalan faranti suna koya wa mutum ɓoye cibinsa daidai ranar wankan.

Akwai kuma abubuwan da suka fi gato nauyi, waɗanda ba za a taɓa faɗa a kotu ba. Bayan fiɗar ƙetare giya tana shiga jini da sauri, kuma wani bincike na Amurka da aka buga a 2012 ya nuna masu matsalar shan giya sun tashi daga kashi 7,6 cikin ɗari kafin fiɗa zuwa 9,6 a shekara ta biyu. A lardin Ontario na Kanada, binciken da aka buga a 2016 kan majinyata 8 815 ya gano cewa zuwa asibiti cikin gaggawa saboda mutum ya cutar da kansa ya ƙaru da kusan rabi bayan fiɗa. Mutanen da abin ya shafa kaɗan ne, amma suna nan zaune cikin da'irar, suna sauraro. Wanda ya ga yadda aka yi da mai yankan gato, yaya za a yi ya buɗe baki ya ce kwalba yake sha kowane dare?

Har kaffara alƙalan suka ƙirƙiro. Ana ba wanda ya «zame» shawarar komawa ruwa-ruwa na kwana biyar, wai don tumbi ya sake tsukewa, abin da babu wani ingantaccen bincike da ya tabbatar. Abin da aka sani shi ne horon kai da yunwa yana kai wa ga ci ba ƙaƙƙautawa, cin ya haifi kunya, kunyar ta haifi sabon horo. Garin neman gira ake rasa ido.

Sabon sambol

Wanda ke shakkar cewa neman fifiko ne ke tafiyar da wannan shari'a, ya dubi abin da ya biyo bayan fitowar allurar rage ƙiba. An amince da Wegovy a Amurka a 2021, ta shiga kasuwar Faransa a watan Oktoba na 2024, kuma likitoci suna rubuta irin waɗannan allurai ga wasu da nauyi ya dawo musu bayan fiɗa. Nan da nan aka samu masu fiɗa da ke kallon masu allura a matsayin ragwaye masu bin gajeriyar hanya, wato kalmar da aka jefe su da ita jiya ita suka tsinta suka jefi na bayansu. Ga mai ciwon sukari ko hawan jini ba a tambayar ko maganinsa ya wahalar da shi yadda ya kamata. Mai ƙiba kaɗai ake nema ya biya lafiyarsa da azaba kafin a yarda ya cancance ta.

Ba labarin nesa ba ne

Mai karatu a Maraɗi ko Tawa yana iya cewa wannan rigimar masu ƙoshi ce. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba mai yawa, kuma biranen Afirka ba su tsira ba. Tunisiya da Turkiyya, inda masu hali suka saba zuwa neman magani, suna cikin ƙasashen da ake zuwa daga waje domin wannan fiɗa. Duk wanda ya dawo daga can da tumbi kamar ayaba zai tarar da nasa alƙalan suna jira, sai dai hukuncinsu a juye yake: ya ƙi cin tuwon biki don girman kai, ta rame don mijinta ba ya kula da ita, ko wani ciwo ake ɓoyewa. Leƙen kwanon mace tsohon abu ne a wannan yanki. Masaniyar al'adu Rebecca Popenoe ta bayyana a littafinta na 2004 yadda Larabawan Azawak ke ɗura wa yarinya nono da kunun gero tun daga faɗuwar haƙoranta na fari domin ta yi ƙiba. Can ana tilasta ci, a Faransa ana hana ci, amma a duka wuraren jama'a ce ke riƙe da cokalin, jikin kuwa na wata ne. Ƙungiyoyin masu ciwon sukari da na masu hawan jini, inda cin abinci ke da doka, suna iya faɗawa wannan rami cikin sauƙi.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi. A bar zancen giram da kalori ga likita da masanin abinci, domin su suka san fayil ɗin kowa. A daina buɗe zama da karanta sakamakon sikeli kamar ranar ba da sakamakon jarrabawa. A sa wa kowane zama mai jagora da ya san aikinsa, wanda zai iya katse mai wa'azi cikin ladabi. In wani ya ba da labarin abin da ya ci, a tambaye shi abin da ke faruwa a rayuwarsa da kuma yaushe rabonsa da gwajin jini, kafin a ce komai game da farantin. Wanda nauyi ya dawo masa a ba shi kujerar gaba, domin shi ne ke da labarin da sababbi suka fi bukatar ji, labarin shekara ta biyar da ta goma, wanda hotunan «kafin» da «bayan» ba sa nunawa. Ƙungiya kuma ta auna kanta da yawan waɗanda suka ci gaba da zuwa bayan sun yi tuntuɓe, ta daina ƙirga kilo nawa ƴaƴanta suka zubar.

Matar nan mai kilo shida ba ta bukatar a gaya mata gato yana da sukari. Ta san haka tun tana ƴar shekara bakwai, kuma babu ranar da duniya ta bari ta manta. Abin da take bukata shi ne wani daga cikin da'irar ya lura kujerarta babu kowa, ya ɗauki waya ya kira ta, ya tambaye ta lafiyar ɗiyarta, sannan ya ce zai raka ta wurin likita.